Na-Biyun Farfesa

Bangon da ya raba kicin ɗinmu da ɗakin kwanan su Likita bulo ɗaya ne, kuma wanda ya gina benen nan ya yi rowar siminti. Shekara shida muna maƙwabtaka a hawa na biyu. Na san ƙarar agogon da ke tashinsa, na san lokacin da yake jan kujera. Amma ban taɓa jin matarsa ta ɗaga murya ba sai ranar Alhamis ɗin nan bayan la'asar, ina tsaye ina wanke kofuna.

"Ka gaya musu!" Muryar Anti ce. Haka yaran benen ke kiranta, mu ma manya muka bi sahu. "Wallahi in ba ka gaya musu ba, ni zan je in faɗa."

Ban ji amsarsa ba. Likita in yana magana, sai ka ce akwai jariri yana barci a kusa.

"Takardu? Takardun ne za su riƙe wuƙar? Shekara goma sha huɗu kana riƙe wa mutum ƙarfe! Sau nawa ka buɗe ƙirji ka rufe ba Farfesa tsaye a kanka? Ina jin ka, ƙirga mini."

Sai ƙarar murfin kabad.

"Kuma duk faɗin garin nan ka rasa wanda za ka fara a kansa sai tsohon nan? Mutumin da ke zama da yaranmu in mun fita? In ya mutu a hannunka, ta wace matakala za ka riƙa sauka?"

Na kashe famfo. Tsohon nan mahaifina ne. Yana falo a lokacin, kwance gaban talabijin, idonsa a rufe. Ranar Litinin da ƙarfe takwas na safe Likita zai tsaga gefen ƙirjinsa na hagu ya cire rabin huhunsa.

Baba mai fentin mota ne. Shekara talatin da biyar yana fesawa, takunkuminsa tsumma, shi ma in ya tuna. Ga sigari, wadda ya bari sau goma sha wani abu. Da tari ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, Likita ne da kansa ya ƙwanƙwasa mana ƙofa ya ce, "Baba, tarin nan ya hana ni karatu, zo mu ɗauki hoto." Hoton ya nuna ƙari a saman huhun hagu. Bai kai ƙwan kaza ba, amma ya zauna dab da babbar jijiyar jini. Aka sa rana. Farfesa ne zai yi aikin, shugaban sashen tiyatar ƙirji, mutumin da jin sunansa kaɗai ke sa dangin mara lafiya su samu barci. Saura kwana goma sha biyu, Farfesa ya yanke jiki ya faɗi a wurin ajiye motoci. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye, bakinsa ya karkace. Asibiti ɗaya da ya rage mai yin irin aikin nan tafiyar yini guda ne daga nan, layinsu kuma wata huɗu.

"Wata huɗu ya yi yawa," in ji Likita a falonmu. "Zan yi."

Muka yi ta godiya. A asibiti Na-Biyu suke ce masa, har masu shara. Mu a tunaninmu, na biyu ai dab yake da na ɗaya.

Abin da na sani game da shi kafin ranar, kowa a benen ya sani. Dogo ne, shekararsa arba'in da bakwai, amma a sunkuye yake tafiya kamar mai neman allurar da ta faɗi. Mahaifiyarsa tela ce, ita ta koya masa ƙulla zare da hannu ɗaya. Ya yi shekara shida a makarantar likitanci, biyu yana ɗinke kawunan waɗanda suka yi haɗari, biyar yana koyon tiyatar ciki. Sannan ya koma ƙirji, wurin Farfesa, bai sake motsawa ba. Kujerun teburin cin abincinsu duk ƙafafunsu da ƙulle-ƙullen baƙin zare, ɗaruruwa, kamar tururuwa sun yi layi. Har yau in yana jiran shayi ya huce, ƙullawa yake yi.

Mutum ne da ba ya ƙin kowa. Ya ɗaukar wa tsofaffi tukunyar gas zuwa hawa na uku, ya duba zazzaɓin yaran bene ko yana kan hanyar fita. Da muka kafa ƙungiyar 'yan haya kowa ya ɗaga masa hannu ya zama shugaba, ya ƙi ƙememe, ya ce a ba shi mataimaki. Shi ke rubuta takardu, shi ke kiran mai gyaran famfo, amma sa hannun na wani ne. Mukan ce kai, Likita akwai tawali'u.

Mutane na son labari mai daɗi, don haka ana cewa ya zaɓi ƙirji ne saboda ciwon huhu ya kashe mahaifinsa. Na taɓa tambayarsa a baranda, ya yi dariya. Ya ce mahaifinsa ciwon suga ne ajalinsa. Ya ce wata rana dai Farfesa ya leƙo ɗakin tiyata yana neman wani, ya gan shi yana rufe ciki, ya tsaya ya ce, "Wa ya koya maka ƙullin nan?" Shi ke nan. Ya ce kwana uku ya yi yana jin tambayar a kunnensa, a na huɗun ya je ya nemi a mai da shi sashen. A lokacin na ɗauke shi labarin ban dariya. Ranar Alhamis ɗin, hannuna cikin kumfar sabulu, ya daina ba ni dariya.

Washegari da na tashi daga makarantar da nake koyarwa na wuce asibiti, amma ba wurinsa ba. Babbar nas ta ɗakin tiyata, wadda kowa ke ce wa Sista, jikarta na ajina. Na same ta a wani ɗan ɗaki bayan ɗakin tiyatar, kantoci cike da ƙunshin korayen tufafi har rufi, warin maganin wanke ƙasa yana shiga ido. Tana shan shayi a murfin fulas.

"Malama, in sakamakon jarrabawa kika kawo, koma da abinki, na san halin mutuniyar."

Na faɗa mata abin da na ji. Ba ta yi mamaki ba, wannan ne kuwa ya fi tsorata ni. Ta tura ƙofa da ƙafa, ta ɗauko tawul ta naɗe shi ta kwantar a kan tebur.

"Ga Babanki. A gefe ake kwantar da mutum, hannu a sama. Babban likita nan yake tsayawa, ta bayansa. Mai taimako nan, ta gabansa, suna fuskantar juna. Haka aka koya wa Farfesa, haka muke yi a ɗakin nan tun kina rarrafe. Shekarar farko ƙarfen buɗa ƙirji kawai za ka riƙe, ko tari sai ka nemi izini. Ta biyu ka buɗe, ka rufe. Ta uku, in ya ga dama, ya ce ka zagayo. Shi Na-Biyu nan yake." Ta dangwala yatsa a gaban tawul ɗin. "Farfesa gajere ne, a tsayinsa ake saita gadon. Kin ga inda doron ya samo asali."

"To in ya koma ta baya mene ne? Ba ƙirjin ba ne dai?"

"Ke, kasuwar da kika saba shiga ta ƙofar gabas, a ɗauke ki a shigo da ke ta yamma. Rumfunan ne dai, amma abin da ke damanki ya koma hagu, abin da kike fara tararwa ya koma ƙarshe. A kasuwa in kin ɓata sai ki yi tambaya. A nan jijiya ce mai kaurin babban yatsana, fatarta kamar jiƙaƙƙiyar takarda, rabin jinin da zuciya ke turawa ta nan yake bi."

Na ce, "Bai iya ba ke nan."

Ta ja tsaki. "Wa ya ce miki? Hannunsa ya fi na Farfesa, a gaban Farfesan ma na faɗa. A'a, ƙarya nake, ban faɗa ba, amma ya sani. Shekarun nan na baya rabin aikin shi ke yi daga inda yake tsaye, tsohon yana nuni da almakashi yana gunguni. Ba hannu ne matsalar ba, 'yata. Wanda zai ce 'yanke' ne."

Ta ƙara shayi, ta rage murya.

"A shekararsa ta uku Farfesa ya ce ya zagayo. Wata mata ce, mai goyo. Ya tsaya ta baya, mu duka muna ta murna ƙarƙashin takunkumi. Ya buɗe lafiya. Da ya zo zagaye jijiyar da ƙarfe, hannunsa ya bi hanyar da idonsa ya saba gani daga can gefen. Ya ɓarke ta. Jini sai da ya taɓa fitila. Farfesa ya miƙo hannu ya danna yatsa a wurin, ko kallonsa bai yi ba, ya ce, 'Koma wurinka.' Matar ta rayu, har haihuwa biyu ta ƙara. Farfesa bai sake tada maganar ba, ko sau ɗaya. Shi kuma ya koma wurinsa."

"Anti ta sha cewa Farfesa ne ya danne shi."

"Haka ya bar ta ta ɗauka. Ya ci jarrabawoyinsa duka, Farfesa ya sa masa hannu a komai. Asibitoci uku suka neme shi ya je ya buɗe musu sashe. Takarda ta ukun ni na tsince ta a kwandon nan, an ninke ta huɗu. Tsohon ya samu mataimakin da babu irinsa, shi kuma ya samu inuwa. Mutane sun mutu a gadon can, kamar kowane gado, amma ba wanda ya mutu da sunan Na-Biyu. Kowa ya samu abin da yake so."

"Ranar Litinin fa, Sista?"

"Ranar Litinin ni zan miƙa masa wuƙa. Iyakar abin da na sani ke nan."

Ranar Asabar da hantsi na sauko zubar da shara, na gan shi zaune cikin motarsa a ƙarƙashin bene, inji a kashe, gilasai a rufe, hannayensa biyu kan sitiyari. Baba ne ya fesa motar, ruwan toka, aikinsa na ƙarshe kafin ya ajiye. Na je na dawo yana nan yadda yake. Na buɗe ɗaya ƙofar na zauna.

"Kin ji," ya ce, bai juyo ba.

"Bangon ne, Likita."

"Na san bangon. Ta nan na ji tarin."

Na tambaye shi ko gaskiya ne. Ya ce gaskiya ne, da irin muryar da yake gaya wa mutane sakamakon gwaji. Ya ƙara da abin da ban tambaya ba: hukumar asibiti ta ba shi zuwa ƙarshen wata. In sashen bai ci gaba da aiki a hannunsa ba, za su kira wani da shi da kansa ya koya wa ƙulli shekara takwas da suka wuce, su ba shi ofishin Farfesa. Shi ma wancan ɗin sai bayan wata uku zai iya zuwa.

"Sai ka koma gabansa ka riƙe masa ƙarfe."

"Sai in koma."

"Likita, don Allah in tambaye ka, kada ka ji haushi. Saboda Baba za ka yi aikin nan, ko saboda ofishin?"

Wata mata ta wuce da bokiti ta leƙa mu, ta yi gaba, ta ƙara waiwayowa.

"Mutum huɗu ne a layi," ya ce. "Ukun za su iya jira. Babanki ba zai iya ba, wannan ba ra'ayina ba ne, hoto ne ya faɗa. Amma na zauna na tambayi kaina: da wani baƙo ne, da zan ce zan yi? Ina jin da na rubuta masa takarda na tura shi can, in ya mutu a layi ba ni na kashe shi ba. Na iya wannan, na daɗe ina yi. Babanki ne ba zan iya turawa in zauna ina jin tarinsa ba. To kin ga ko wannan ma don kaina ne." Ya saki sitiyarin, ya duba tafin hannunsa. "Ofishin kuma ina so. Ban san ina so ba sai da na ji za a ba wani."

"Ka je wurin Farfesa?"

"Jiya. Na kai masa hoton. Ya duba, ya duba, bakinsa na motsi, miyau na zuba. Ya ɗaga hannun hagu ya nuna wani wuri. Ban sani ba ko cewa yake 'fara ta nan', ko 'kada ka taɓa nan'."

Ya ce shi zai gaya wa Baba da bakinsa, in na yarda. Na ce na yarda, da saurin da ya ba ni kunya tun kafin in kai matakala. Kwana biyu ina riƙe da maganar nan, ina kai wa Baba shayi ina kallon yadda ƙirjinsa ke ɗagawa, ban faɗa ba. Na gaya wa kaina don kada hankalinsa ya tashi ne. Gaskiyar ita ce in ni na faɗa za a nemi shawarata, in kuma na ba da shawara, duk abin da ya biyo baya da hannuna a ciki. Ina zargin mutum da fakewa a bayan wani, ni ma bayan nake nema.

An kwantar da Baba ranar Lahadi da rana, gado na shida daga ƙofa, kusa da wata taga da aka toshe fasasshen gilashinta da kwali. Likita ya shigo bayan la'asar ba farar riga, ya ja labule, ya tsaya yana juya alƙalamin zane a hannu.

"Ga mahauci," in ji Baba. "Ka wasa wuƙar, ko in aika a wasa maka?"

"Baba, akwai maganar da ya kamata..."

"Cewa ba ka taɓa yi kai kaɗai ba? Na ji. Matarka in ta buɗe murya har mai gadi sai ya gyara zama. Wannan," ya nuna ni da leɓe, "ta ɗauka barci nake, ta kwana uku tana kallona kamar an riga an yi mini wanka."

Na rasa inda zan sa fuskata.

"Zauna, ɗana, tsayinka na sa ni jiri. Ka taɓa kashe wani?"

"A'a, Baba."

"To ai da sauranka. Ni ranar da maigidana ya fara miƙa mini bindigar fenti, motar alƙali ce. Baƙa wuluk ya kawo, ya zo ya tarar da ita kamar bayan kada. Kwana biyu na yi ina ɓuya a gidan yayata." Ya yi dariya, dariyar ta koma tari, tarin ya daɗe har na ji mutumin gado na biyar ya juya. Da ya lafa, ya duba hankicinsa ya dunƙule shi da sauri. Muryarsa ta sauya. "Wata huɗun nan ba ni da shi, ina ji a jikina. Don haka ka yi. Amma ka ji ni da kyau. In ka shiga can, kada ka tsaya jin kunyar ma'aikata. Mota ce ake kankarewa a sake fesawa, ni shafi ɗaya ne. In kuma ka kashe ni, ka tashi daga benen nan, don tarin ba zai daina ba."

Likita ya yi yaƙe. Ya ce Baba ya kwanta a gefensa na dama ya ɗaga hannu, zai sa alama a inda za a yanka. Yana tsaye ta bayan Baba, wurin a buɗe a gabansa, ba abin da ya tare shi. Na zuba wa hannunsa ido ina jiran in ga rawa. Hannun bai yi rawa ba. Ƙafafunsa ne suka ɗauke shi, ya zagaye gadon, ya matsu tsakanin taga da ƙarfen ƙarin ruwa, ya sunkuya ta gaban Baba, sannan ya zana kibiya. Bai san ya yi ba. Ni na sani.

Ranar Litinin ƙarfe takwas saura aka tura shi ciki. Barandar ɗakin tiyata doguwa ce, benci uku na ƙarfe, da ƙofa mai murfi biyu da aka shafe gilasanta da farin fenti. An ce awa uku. Wajen ƙarfe tara Anti ta zo ta zauna kusa da ni, ta ɗora jakarta a cinya. Tun ranar Alhamis muke kauce wa juna a matakala.

"Ba raina shi na yi ba," ta ce.

"Na sani, Anti."

"Ba ki sani ba. Shekara goma ina masa gori. Abokan karatunsa duk sun zama shugabanni, shi yana nan Na-Biyu, ko a taro haka ake kiransa a gabana. Na ce masa ba shi da zuciya. Ranar da ya shigo ya ce zai yi, sai tsoro ya kama ni. Ashe ni ma na saba da mijin da ba a zuwa ƙofar gidansa da kuka."

Ƙarfe goma da kwata ƙofar ta buɗe da ƙarfi. Wani ma'aikaci ya fito a guje, takalmin robarsa na faf-faf, bai kalli kowa ba. Ya dawo rungume da ƙaramar kula. Bayan minti ashirin ya sake fita, ya sake dawowa da ita. Ba sai an gaya mini jini ne a ciki ba. Anti ta kama wuyan hannuna, farcenta ya shiga, ban ce ta saki ba. Sha ɗaya ta wuce. Sha biyu. Dangin wani da ke jiran nasu aikin suka daina hira, suka tattara suka koma benci na nesa, kamar abin namu na yaɗuwa.

Abin da ya faru a ciki, daga baya na ji shi a bakin Sista.

Ya shigo ya tsaya ta baya, wurin Farfesa. Ba wanda ya sa shi, ba kuma wanda ya zo masa a rai cewa za a iya yin wani abu daban, don a ɗakin nan babba ta baya yake tsayawa. Ko gadon ma a tsayin Farfesa suka saita shi, saboda sabo, shi kuma bai ce a ɗaga ba. Ya tsaga, ya buɗa haƙarƙari, komai lafiya. Da ya isa gindin huhun sai ya tsaya. Sista ta ce ta ƙirga numfashin inji sau goma sha ɗaya yana riƙe da ƙarfen bai motsa ba. Ƙarin ya manne wa jijiyar fiye da yadda hoto ya nuna. Ya sa ƙarfen, ya fara zagayawa, sai jini ya taso ya cika ramin kamar an buɗe famfo.

Ta ce ya ɗaga kai ya dubi ɗaya gefen gadon. Likitar da ke taimaka masa ce a wurin, shekararta biyu kacal a sashen, idanunta a waje, tana jiran ya faɗa mata abin yi. Bayanta kuma bango.

Ya danna yatsa a kan ɓarakar. Mai ba da maganin barci yana kiran lambobi, lambobin suna sauka. Sai ya ce, "Sista, ba ni hannunki." Ya kama yatsanta ya ɗora inda nasa yake. "Danna. Ko ginin zai faɗi kada ki ɗaga." Ya ja da baya, hannayensa a sama, ya zagaye gadon ta wajen ƙafa, ya ce wa likitar, "Koma can." Ya tsaya inda ya saba tsayawa. Ya ce, "A ɗaga gadon nan." Aka yi ta ɗagawa har sai da ya miƙe sosai, ita Sista sai da aka tura mata akwati ta taka. Ta ce ba ta taɓa sanin tsawonsa ya kai haka ba. Sannan ya ce, "Zare." Daga nan ya ɗinke jijiyar, daga nan ya yanke abin da za a yanke, daga nan ya gama aikin duka, ba wanda ya nuna masa komai da almakashi.

Amma a lokacin ban san ko ɗaya daga cikin wannan ba. Abin da na sani agogo ne, da ƙofa.

Ƙarfe biyu saura minti ashirin ta buɗe a hankali. Shi ne. Takunkumi na rataye a wuyansa, igiyar ta yi masa shaida a kumatu, rigar ta jiƙe sharkaf, takalmansa da ɗige-ɗigen da suka fara yin baƙi. Bai fito duka ba, ya tokare murfin ƙofar da kafaɗa. Ya dubi matarsa, ya dube ni.

"Yana raye. Mun cire shi duka."

Na durƙusa, bakina ya fara jero godiya da addu'a. Ya ɗaga hannu ya tsayar da ni.

"Tashi, ƙanwata, ba yau ba. Na ɓarke masa jijiya, na ɗinke. Ɗinkin nawa ne, ba wanda ya duba mini. Za ki ga roba ta fito daga gefensa tana zubar da jini a kwalba ƙarƙashin gado. Zan ja layi a jikin kwalbar. Ki zauna inda idonki zai riƙa ganinta. In jan ya haura layin, kada ki tsaya yi wa kowa sallama, ki zo ki kira ni. Ina ɗakin nan na kusa, ba inda za ni sai zubar ta tsaya."